GARGAƊI ga masu jitar lantarki: mai "gyaran fikgad da fenti" da ke yawo a Facebook ɗan damfara ne

Salamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwana makaɗa masu jitar lantarki, na biki da na coci da na situdiyo. Dan Allah ku daure ku karanta har ƙarshe. Akwai wani mutum da yake yawo guruf-guruf a Facebook da WhatsApp yana tallar wai shi gwani ne wajen canza fikgad, wato farantin robar gaban jita, da sabunta fentin jita, ni dai ya cuce ni, kuma da na fara magana sai ga mutum biyu sun fito sunce su ma haka yayi musu. Ba zan kama suna ba don maganar tana hannun hukuma, sunan ma ba zai amfane ku ba tunda canza shi yake kamar riga, salon aikinsa zaku riƙe.

Jitata Fender Stratocaster ce ƙirar Meziko, lambarta ta fara da MN wato ta shekarun 1990 ce, tokumbo na saye ta kuma shekara tara da ita nake ciyar da iyalina a nan Jos. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya sa mata fikof uku masu kyau, wato abubuwan da ke ɗaukar sautin tsirkiya su kai wa amfilifaya, masu maganaɗisun da ake kira alniko, duk wanda ya taɓa jin ta a wurin biki ya san muryarta. Abu biyu ne suka dame ni. Na ɗaya ƙugin nan na janareta, kun san fikof mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙarar wuta, to a filin biki inda janareta ke bayanka wani lokaci ƙugin har ya so ya danne kiɗan, shi yasa nake so a sa min hambaka a wajen gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jitar. Hambaka fikof ne wanda yake da naɗin waya biyu masu saɓa wa juna don su kashe ƙugin. Hakan yana nufin sai an canza farantin robar gaban, fikgad ɗin kenan, saboda ramin hambaka ya fi faɗi. Na biyu wani ɓanɓarewar fenti ne a inda hannu ke sauka, faɗinsa bai fi kan babban yatsa ba, tun ranar da ta zame daga kan sifika.

Shikenan fa. Abin da na nema kenan.

Na ga tallarsa, hotuna masu kyau wlh, jita kafin gyara da bayan gyara tana ƙyalli kamar madubi. Muka yi magana, bakinsa da zaƙi, Oga kaza Oga kaza, ya san sunayen kaya, yace zai sa min hambakar kamfanin Seymour Duncan orijinal, yace fentin kuma naitiro zai fesa irin na tsofaffin Fender, duka a kwana biyar. Yace shagonsa yana Kaduna in turo ta mota ya karɓa a tasha. Muka yi ciniki dubu 120, kafin alƙalami dubu 85, na tura zuwa wani asusu da sunan da ke kai daban yake da sunansa na Facebook, nayi tambaya yace na ƙaninsa ne nasa yana da matsala. Daga baya abokina ya nuna min a hotunan nan soket ɗin bango irin na Amurka ne, mai tsaga biyu a tsaye, ba irin namu mai ƙafa uku ba. Hotunan shagon wasu ne ya kwaso a intanet.

Kwana biyar ya zama wata biyu. Yau babu wuta, gobe fenti bai bushe ba, jibi an yi masa rasuwa, ni kuma ina aron jitar wani yaro ina zuwa aiki da ita. Ranar da yace ta kammala sai da ya sa na cika ragowar dubu 35 kafin ya bawa direba, bidiyon daƙiƙa goma ya turo min daga nesa. Cinikin biri a sama kenan.

Da na buɗe kwalin gabana ya faɗi. Jitata mai launi uku ce, rawaya a tsakiya sai ja sai baƙi a gefe, kana ganin zanen katakon ta cikin fentin, abin da ya dawo min kuwa baƙa ce ƙirin gaba da baya. Na kira shi nace Malam wa ya sa ka? Yace Oga baƙi yafi fitowa a siteji, kyauta ma nayi maka. Warin fentin mota ya cika ɗakin. Na danna farce a bayanta sai ga shaida ta zauna.

Duk da haka na tafi da ita biki ranar Asabar don na riga na mayar da ta aro. Ina jona ta da amfilifaya ƙugin ya ninka na da, kuma ko na ɗora hannu a kan tsirkiya baya raguwa, wanda duk mai Strat, wato Stratocaster, ya san in ka taɓa tsirkiya ƙugin yana lafawa. Muryar kuma ta zama siririya kamar ana buga gwangwani, tsirkiyoyin sun yi sama da wuya har yatsuna suna ciwo. Mai ganga ya juyo yana kallona. Haka na lallaɓa muka gama.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya da ya daɗe yana duba mana kaya. Nace Baba taimaka min buɗe ta. Sukuru 11 ne a fikgad ɗin Strat irin tawa, yana kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa ya yi shiru, sai yace ɗana zo ka gani da idonka.

Fikof ɗina guda uku babu ko ɗaya. Biyun da ya kamata su zauna a wurinsu, na wuya da na tsakiya, an cire an sa wasu masu arha an rufa musu tsofaffin murfina don kar in gane, na ukun kuma da aka ce za a dawo min da shi a leda ba a dawo da shi ba. Ga yadda ake ganewa, ku riƙe wannan da kyau: fikof na alniko su kansu ƙusoshin nan shida su ne maganaɗisun, in ka juya bayansa babu komai a manne. Na siramik kuwa zaka ga sandar maganaɗisu baƙa an manna ta a ƙasa da gam. Daga sama duk kamarsu ɗaya, kuma mitar awon lantarki kaɗai ba zata raba maka su ba don duka biyun suna iya nuna wajen 6k, wato ohm dubu shida, sai ka juya ka duba. Hambakar da na biya kuɗin orijinal sitika ce kawai aka liƙa mata, Baba ya sa mita ta nuna wajen 4k, ashe naɗi ɗaya ne ke aiki ɗayan ba a ma haɗa shi ba, to ta ina zata kashe ƙugi? Abin murɗa sautin nan uku, manyan nawa an kwashe an sa 'yan ƙanana. Wayar da ke fita daga cikin ramin ta je baya ta kama ƙarfen da ke riƙe sifirin ɗin gada, wadda ita ce ke sa taɓa tsirkiya ya rage ƙugi, tana lilo ba a ɗana mata dalma ba. Bayan fikgad ɗin kuma fes, babu takardar alminiyon da ake shimfiɗawa don tare ƙarar wuta. Angulu da kan zabo.

Amma abin da ya fi ƙona min rai katakon ne, don waya da fikof ana sake saye. Ramukan cikin tawa 'yan sirara ne guda uku, so sai an faɗaɗa na wajen gada kafin hambaka ta shiga, aikin injin rauta ne da ma'auni, a yanke shi tsaf gefensa sumul. Shi cizal da guduma ya sa. Ya farfasa wurin kamar ana faskare, wata tsaga ta tafi har kusa da inda sukurorin gada suke, kuma wurin nan ne ke ɗauke da jan tsirkiya shida. Sabon fikgad ɗin ramukansa basu dace da na jikin ba, wannan ba abin mamaki bane, na Fender da na Squier da na sauran kamfanoni ba kullum suke hawa ɗaya ba, ko Fender ɗin ma na farko daga 1954 sukuru 8 ne sai a 1959 suka koma 11. Mai aikin kirki zai cike tsohon rami da ɗan tsinken katako da gam ɗin kafinta, ya bari ya bushe, ya huda siririn rami sabo sannan ya ɗaura. Shi murɗa sukurun yayi da ƙarfi a karkace duk inda ya faɗa, biyu ma a iska suke basu kama komai ba.

Fentin kuwa kitso da ƙwarƙwata aka yi. Da muka kankare gefe kaɗan sai ga bodi fila irin na masu fanel bita, da alama injin gurza ƙarfe ya sa ya ci katakon ya yi kwari sai ya cike da fila, shi yasa dole ya fesa baƙi, don launi mai nuna katako zai tona masa asiri. Ya fesa har cikin gurbin da wuya ke zama, fenti ya taru a wurin wuyan bai koma yadda yake ba, dalilin tashin tsirkiya kenan. Yanzu da hunturu ya shigo katako ya ja jikinsa, fila bai bi shi ba, duk wurin ya tsattsage.

Kuma wlh gyaran da na nema ƙaramin aiki ne. Jita irin tawa fentinta foliyesta ne mai tauri, irin wannan ɓanɓarewar ana shafa ɗan launi a wurin, a ɗiga sufa gulu kaɗan-kaɗan ana bari yana bushewa har ya ɗan fi saman fentin, a kankare da reza, a bi da sanfefa mai laushi da ruwa daga lamba 800 har 2000, a goge da folish. Ba a taɓa sauran jikin ko kaɗan. In kuma katako ne tsirara ya loɓa bai karye ba, jiƙaƙƙen tsumma da kan ayan ɗin dalma mai zafi, tururin yana iya taso da shi. Maganar naitiro a kwana biyar ma ƙarya ce tun daga tushe, naitiro shafi-shafi ake fesa shi siriri sannan a rataye jitar makonni kafin ya yi taurin da za a goge shi. Duk wanda yace maka zai cire fenti ya fesa naitiro ya goge a sati ɗaya, ko bai san aikin ba ko ya san abin da yake shirya maka.

Na koma masa da hotuna, da farko yace yaransa ne suka yi kuskure zai dawo min da fikof ɗina, kwana biyu ya toshe ni ko'ina, shafin ya canza suna da hoto. Ɗaya daga cikin mutum biyun da na faɗa muku, mai kiɗa a wata coci, shi fikgad mai haɗe da fikof aka sayar masa wai na Fender Amurka, ya buɗe ya ga siramik. Ni zargina kayan da yake cirewa a jitar wani su yake sayar wa wani da tsada, in ya ga mai saye bai san kan abin ba sai ya tura masa na arha ya riƙe masu kyan. Don haka in kun ga ana tallar fikof uku na Strat na alniko, tsofaffi, wayoyinsu a gutsure, babu murfi, dan Allah ku yi min magana.

Kafin ka ba kowa jitarka, ko wanda ka sani ne, ka kwance fikgad ɗin da kanka ka ɗauki hoton bayan kowane fikof da abin murɗa sauti da ramukan katakon, ka ɗauki lambar da ke kan wuya, ka ɗan sa alama da maka a wurin da kai kaɗai ka sani. In fikgad kawai za a yanka ko a canza ba sai jitar ta yi tafiya ba, tsohon farantin ya isa a yi awo da shi, fikof ɗinka su kwana a gidanka. Ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye a cikin shagon ya nuna maka injin rautarsa da aikin da ke hannunsa, wanda yake da shago wannan ba zai yi masa wuya ba. Sunan asusu ya zama sunan wanda kake magana da shi. A rubuta a cat ɗinku abin da za a taɓa da abin da ba za a taɓa ba, launi musamman. Ragowar kuɗi kuma kar ya fita sai ka kwance sukurorin nan ka leƙa ciki, minti goma ne da sukundireba, sai dai ka sassauta tsirkiya tukuna kuma ka ɗaga a hankali kar ka tsinke waya.

Na kai ƙorafi bankina da ofishin 'yan sanda da rasit ɗin tiransifa da duk hirarmu, sauran biyun ma sun kawo nasu mun haɗa. In kai ma ya taɓa ka, kar ka goge komai a wayarka, ka same ni ta inbos mu ƙara a kai. Jitar tana wurin Baba, ya haɗa wayar ƙasa ƙugin ya ragu, wani kafinta mai haƙuri zai sa katako ya cike inda aka farfasa kafin tsagar ta kai gada. Launinta na asali dai ya tafi. Ku tura wannan zuwa guruf ɗin makaɗa na Kaduna da Kano da Zariya da Abuja, jiya ma an turo min sabuwar tallarsa da sabon suna, hotunan nan dai su ne.