Abin da ya kamata ka saya, da wanda za ka guje wa, wajen cire tsohuwar sitika daga jikin mota

Motoci da yawa a Zariya suna yawo da tsofaffin manne-manne a jiki: hoton ɗan takarar zaɓen 2023 da rana ta ƙone, tambarin ƙungiyar direbobi, sunan makarantar da aka sayi bas ɗin daga hannunta, ko dogon layin ado da ya zo da motar tun daga Kwatano. Ranar da mai mota ya ce a cire su, abin da yakan fara ji a bakin gareji shi ne "yaro, kawo reza da tina". Tina shi ne ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Wannan gaggawar ta ɓata fenti mai yawa, alhali sake fesa ƙofa ɗaya ya fi kuɗin maganin gam da man goge fenti a haɗe.

Kafin ka nufi masu kayan mota a Sabon Gari ko Tudun Wada, fara sanin irin fentin da ke jikin motarka, domin shi ne zai zaɓa maka kayan aiki. Fentin kamfani gasa shi ake yi a zafin da ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Celsius, kuma yawanci a samansa akwai wani siririn rufi mai sheƙi marar launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Yana da juriya. Fentin da aka sake fesawa a gari kuwa a iska yake bushewa, ya fi taushi, kuma idan ba a gyara ƙasansa da kyau ba sitikar na iya tahowa da shi. Ɗiga ɗan man goge fenti a farin tsumma ka murza a wani lungu da ba a gani. Idan launin motar ya fito a tsumman, to babu kiliya, sai ka ninka hattara. Idan kuma ba a yi wata biyu ko uku da fesa motar ba, ka haƙura tukuna.

Abu mafi arha shi ne zafi, kuma shi nake fifitawa. Gam yana sakin jiki idan ya ji ɗumi. A watan Maris da Afrilu ranar Zariya kaɗai ta isa: wanke motar, ka bar ta a fili bayan azahar, ka ɗaga gefen sitikar da farce ko tsohon katin ATM, ka ja ta a hankali tana kwance a kan bayanta. Idan ka fizge ta sama sai ta tsinke ta bar gam. Wankin nan ba na ado ba ne, musamman da hunturu, saboda ƙurar da ke kan fenti ita ce ke zana shi idan aka murza. Ranar da gari ya yi sanyi, na'urar busar da gashi irin ta masu kitso tana yin aikin, in akwai wuta. In babu, tsumma da ruwan zafi ya wadatar ga ƙaramar sitika. Akwai kuma na'urar hura zafi ta masu gyara, wadda wasu nau'o'inta ke wuce digiri 500. Tana da sauri, amma tsayar da ita wuri ɗaya na ɗan lokaci kan sa fenti ya kumbura, ta kuma lanƙwasa bamba ta roba. Mai mota ɗaya ba ya buƙatar sayenta.

Bayan sitika ta tashi sai saura gam mai danƙo, kuma a nan ne kuɗi ke da amfani. Maganin cire gam da aka yi domin mota, irin na 3M ko Goo Gone na mota, shi ne mafi kwanciyar hankali idan ka samu na gaske. Duba jikin kwalbar ka tabbata an rubuta cewa bai cutar da fentin mota, don akwai masu ƙarfi da aka yi domin ƙarfe da tayil. WD-40, man feshin da makanikai ke kwance tsatsa da shi, ya fi sauƙin samu, yana kuma narkar da gam mai matsakaicin tauri, sai dai yana barin maiƙo da dole a wanke da sabulu. Kananzir ma yana yi a kan fentin kamfani idan aka sa kaɗan a tsumma aka wanke nan take. Sifirit na kantin magani ya dace da share ragowar ƙarshe. Ko wanne ka zaɓa, mayar da motar inuwa jikinta ya huce tukuna, in ba haka ba maganin zai bushe kafin ya ratsa gam ɗin. Jiƙa wurin, ka jira 'yan mintoci, sannan ka share da tsumma mai laushi.

Tina da ruwan goge jan farce suna narkar da fentin da aka sake fesawa, suna dusashe kiliya, suna ɓata roba. Man birki cin fenti yake yi. Fetur yana cire gam, amma ga haɗarin gobara, ga shi yana kashe sheƙin fenti mai taushi. Reza kuwa wurinta gilashi ne kawai, shi ma ta waje, domin ta cikin gilashin baya akwai siraran layukan da ke kore raɓa, kuma reza na yanke su.

Ga mai bas ko a-daidaita-sahu da rubutu ya rufe masa gefe guda, ko sitikar da ta shekara da shekaru har ta farfashe tana fitowa gutsi-gutsi, akwai faifan roba da ake ɗaurawa a bakin injin huda. Yana goge sitika da gam tare, aikin yini ya koma na awa kaɗan. Amma yana haifar da zafi, don haka ba a danna shi, ba a tsayar da shi wuri ɗaya, ba a kuma kai shi kan bamba ko wani sashe na roba. A fentin gari ina ganin gara a bar wa mai fentin da ya saba da shi, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri.

Tambarin kamfani da robar ado ta gefen ƙofa daban suke, don gam mai fuska biyu ne ke riƙe da su. Kada ka zura sukudireba. Ɗumama wurin, ka zura zaren kamun kifi ta bayansa, ka riƙa ja hagu da dama har ya yanke gam ɗin, sannan ka murje ragowar da yatsa da ɗan magani. Wasu tambarin suna da ƙafafu da suka shiga rami a jikin ƙarfe. Idan zaren ya cije, dakata ka tambayi mai gyaran jiki, kada ka cire ka tarar da ramuka biyu da ruwan damina zai riƙa shiga.

Ka sa man goge fenti da kakin kariya a lissafinka tun farko. Fentin da ke ƙarƙashin sitika bai sha rana ba, saboda haka siffarta kan rage a jiki, musamman a jar mota. Gogewa tana rage bambancin sosai, kakin kuma ya mayar da kariyar da maganin ya wanke. Idan launin kewayen ya riga ya koɗe har ciki, gogewa ba za ta daidaita su ba, sai dai a fesa wannan sashen.