Sharhi kan rimot ɗin RadioMaster TX16S mai 4-in-1, da risibobin da dillali ya haɗa min da su

Abin da ya kai ni ga sayen TX16S, rimot na tashin ƙananan jiragen sama na wasa, shi ne tarin rimot ya ishe ni. Jirgina na farko risibar FlySky ce a cikinsa, FS-iA6B, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot. Na biyun kuma, wanda ƙanena ya zo min da shi daga tafiya, da risibarsa ta Spektrum a like ya iso, babu rimot. Duk mai wannan harkar ya san ciwon: kowane kamfani da yaren da na'urarsa ke ji. FlySky na da AFHDS 2A, Spektrum na da DSM2 da DSMX, FrSky na da ACCST, Futaba na da S-FHSS. Dukkansu a kan 2.4GHz suke, amma wannan ba ya jin wancan.

Maganar gaskiya, ranar farko rimot ɗin ya faranta min rai fiye da yadda na zata. Na soka filogin haɗi a ramin B/VCC na risibar FlySky, na sa batir, 'yar fitilar ta shiga ƙiftawa da sauri. Na zaɓi yaren a allon EdgeTX, manhajar da ke cikin rimot ɗin, na danna, sai fitilar ta tsaya cak. Na taɓa sandar dama, fiffiken baya ya amsa nan take. Jirgin Spektrum da ya daɗe yana shan ƙura a kan kwaba shi ma bai ba ni wahala ba, har jerin tashoshinsa da ya bambanta da na sauran rimot ɗin ya daidaita da kansa. Sirrin dai guntayen rediyo (chip) huɗu ne a cikinsa, shi ya sa ake ce masa 4-in-1: A7105 na FlySky, CYRF6936 na Spektrum, CC2500 na FrSky da Futaba, sai NRF24L01 da ƙananan jiragen wasa da yawa ke amfani da shi. Da a nan na tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

To amma akwai dillalin intanet da na saya a hannunsa, wanda har yanzu idan na tuna shi raina ɓaci yake. Na gaya masa a fili cewa ina ƙera jirgi na uku mai sarbo huɗu (ƙananan injinan da ke motsa fikafikai), ina son risiba mai dogon zango wadda za ta yi aiki da wannan rimot ɗin. Ya ce ya san abin da ya dace da ni, ya ɗora min ƙananan risibobin ExpressLRS (wani yaren daban mai dogon zango) guda biyu a kan kuɗin. Na sake tambayarsa ko ya tabbata za su kama, ya turo min murya yana cewa, "Haba Malam, ai duk 2.4 ne, ka sa kawai."

Ba su kama ba, kuma ba za su taɓa kamawa ba. Na bi jerin yarukan da ke cikin rimot ɗin daga sama har ƙasa, babu ExpressLRS. Na kunna risibar na kashe sau uku kamar yadda ake yi don ta shiga neman haɗi, fitilarta ta yi ta ƙifta bibbiyu, ba mai amsa mata. Dalilin a sarari yake: ExpressLRS na 2.4GHz da guntun SX1280 yake aiki, wanda ba ya cikin huɗun can. Shi ya sa TX16S iri biyu ake sayarwa, mai 4-in-1 da mai ExpressLRS a ciki. Mutumin da ke sayar da duka biyun a shagonsa ba zai ce min bai san haka ba. Abin da ya ƙara ƙona min rai, risibobin ma ba na irin jirgina ba ne. Ba su da ramukan soka sarbo ko ɗaya, wuraren like waya da dalma guda huɗu ne kawai, biyu na wuta biyu na sigina (CRSF), irin waɗanda ake haɗawa da kwakwalwar jirgi mai farfela huɗu. Na tura masa hoto, ya ce kaya ya riga ya fita daga leda, ba a mayarwa. Daga nan ya daina duba saƙona.

Dole na sake kashe kuɗi a wani wajen. Na sayi modul na ExpressLRS, wato ƙaramin akwatin aika sigina, na soka a ramin da ke bayan rimot ɗin, na nemo risiba mai ramukan sarbo, ER6. Wanda zai bi wannan hanyar ya lura: manhajar cikin modul da ta risiba sai babbar lambarsu ta zo ɗaya, mai 2 ba ta haɗuwa da mai 3. Da na daidaita su ta WiFi na sa musu kalmar haɗi iri ɗaya, shi ke nan, kunnawa kawai nake yi su gane juna. Yanzu jirage ukun da rimot ɗaya nake tashinsu a filin bayan unguwarmu, na ukun kuma yana yin nisan da idona ne ke fara gazawa kafin sigina.

Mai risibar FrSky ko Futaba kada ya tsallake saitin daidaita mitar sigina na CC2500. Wani abokin wasanmu ya haɗa tasa, na sa shi ya nemo iyakar da sigina ke yankewa a saitin ta hagu da ta dama ya ajiye a tsakiya, tukunna muka cire farfela muka gwada kashe rimot don mu ga injin ya tsaya.

Rimot ɗin kam zan ce a saya, musamman mai tsofaffin jirage na kamfanoni daban-daban. Wanda kuma yanzu zai fara, ba shi da tsohuwar risiba ko ɗaya, gara ya ɗauki mai ExpressLRS a ciki ya huta da kuɗin modul. Risibobin nan biyu suna nan a cikin ledarsu, mai jirgi mai farfela huɗu da ke buƙata ya yi min magana, a rabin kuɗi zan bar masa.