Hattara da masu sayar da fawa-fak na jabu a Zariya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne ga duk mai kwamfutar tebur a Zariya da kewaye, musamman masu shagunan buga takardu na Samaru da Kongo, da masu wuraren rajistar jarrabawa, da ɗaliban da ke tara kuɗi su haɗa kwamfuta don zane ko gyaran bidiyo. Akwai wani algus da ya yi yawa a harkar fawa-fak, akwatin ƙarfen nan na bayan kwamfuta da ake soka wa wayar wuta. Ana samo tsoho, ko sabo mai arha marar inganci, a goge shi, a fesa masa baƙin fenti, a manna masa sitika mai sunan babban kamfani da lamba mai girma, 650W ko 750W, wato wat ɗin wutar da wai yake iya bayarwa, a sa shi cikin kwali mai sheƙi, a sayar wa bawan Allah da sunan sabo dal. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma irin waɗannan sun zo teburina har abin ya ishe ni. In na ci gaba da yin shiru, ina ganin akwai haƙƙi a kaina.

Yawanci a Facebook ko WhatsApp ake fara cinikin. Za ka ga hoto mai kyau, farashin bai kai rabin na kasuwa ba, mai kayan ya ce ragowar kaya ne daga Legas, saura biyu, wani ma yana kan hanya zai ɗauka. Sai ya ce ka tura kuɗi, zai ba direba ya ajiye maka a tasha. Ko kuma ku haɗu a bakin hanya, wajen Kwangila ko PZ, ya miƙo maka a leda ya hau babur. Wanda yake da ɗan shago kuwa zai yi maka abin da yake kira gwaji: ya soka wuta, ya haɗa koriyar waya da baƙa da guntun ƙarfe, fanka ta juya, ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Lafiya lau." Wannan gwajin gaskiya ne mu ma muna yin sa, amma abin da yake nunawa kawai shi ne akwatin yana tashi. Bai ce komai ba game da nauyin da zai iya ɗauka. Fankar nan wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya sa wannan cutar take tafiya a garinmu shi ne mai yin ta yana da uzuri a aljihu tun kafin ka biya shi. Kowa ya san halin wutarmu: a kawo, a ɗauke, ta yi ƙasa, ta dawo da ƙarfi, a koma kan janareta. To ranar da kwamfutarka ta yi ƙara ta fitar da hayaƙi, ka koma wurinsa, kalma ɗaya zai faɗa maka: "Wuta ce ta yi yawa." Kai ma sai ka yarda, don ka sha ganin wuta ta ƙona firji da talabijin. Ka tafi kana cewa ƙaddara ce, shi kuma ya ɗauko wani irinsa ya sake sayar maka. Na ga mutumin da aka yi wa haka, ya dawo yana yi wa mai kayan godiya wai ya rage masa kuɗi a karo na biyu.

Bari in gaya muku abin da na gani a cikin wani da aka kawo min daga wani shagon buga takardu. A waje an rubuta 650W, da tambari mai ruwan zinare. Da na kwance notinan, na tarar da kawunansu duk sun cinye, alamar an sha buɗe shi. Fentin ya taɓa har fikafikan fanka, ka san fesa shi aka yi ba a cire komai ba. Allon ciki, wanda ake dasa kayan lantarki a kansa, ɗan ƙarami ne, ya bar fili a akwatin, kuma a wajen da wuta ke shigowa, inda ya kamata a ga kayan tace wuta, ramuka ne kawai da zanen inda za su zauna, an tsallake su da guntun waya. Kafasito biyu, 'yan gwangwanayen nan da ke tara wuta, sun kumbura, ɗaya ya yi tsatsa a ka, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kansa. Ƙurar hunturu ta daskare a ƙarƙashin allon, a cikin kayan da aka ce sabo ne. Na yanki waya ɗaya na kankare ta da reza, sai ga fari ya bayyana: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, siriri, robar ce kawai mai kauri. A jikin allon kansa kuma, da ƙananan haruffa, an buga 250W. Mai shagon yana tsaye yana kallo, bai ce komai ba sai "Innalillahi", domin a ranar babban allon da ke cikin kwamfutarsa da ma'ajiyar bayanansa suka tafi tare, da ayyukan ɗalibai da ya riga ya karɓi kuɗinsu.

Kada kowa ya ce zai buɗe nasa ya duba. Manyan kafasito na ciki suna riƙe wutar da ta haura bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya. Ba sai ka buɗe ba ma, sitikar da suka manna ita kanta tana tona musu asiri in ka iya karanta ta.

Aikin fawa-fak shi ne ya karɓi wutar bango, wadda a Najeriya bolt 230 ce, ya mayar da ita ƙananan layuka uku da kwamfuta ke amfani da su: 12V da 5V da 3.3V. Kwamfutocin yanzu kusan duk nauyinsu a kan layin 12V yake, domin daga nan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin girafik mai sarrafa hoto suke sha. Saboda haka ka manta da babbar lambar da ke gaban kwali. Juya akwatin, nemi ɗan jadawalin da ke jikinsa, ka duba ƙarƙashin +12V amfiya nawa aka rubuta, wato lambar da ke da harafin A, ka ninka da 12. In an rubuta 18A, lissafin ya ba ka wat 216. To ina sauran ɗari huɗu da wani abu na 650 ɗin? A fawa-fak na kirki na zamani, abin da layin 12V ke bayarwa yana kusa da jimillar da aka rubuta. Mai 650W na gaske za ka ga amfiya 50 ko sama da haka. In ka ga an cika 5V da 3.3V da manyan lambobi, 12V kuwa ɗan kaɗan, to ko tsohon yayi ne, ko an tattara lambobi ne don a ruɗe ka. Wani lokacin kuma lambar da ka ɗauka wat ce sunan samfurin ne kawai, an rubuta 600 babu W a gabanta.

Sai tambarin 80 PLUS da suke matuƙar son mannawa. Shiri ne na gaske da aka fara a Amurka a 2004, kuma ma'anarsa fawa-fak ɗin yana isar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja, sauran ne ke tafiya a zafi, ko an ɗora masa nauyin kashi 20, ko 50, ko 100. Yana da matakai: fari, sai Bronze, Silver, Gold, Platinum, Titanium. Babu wani abu wai shi 85 Plus ko 90 Plus a cikinsu. In ka ga wannan, ajiye kayan. Kuma duk samfurin da ya ci gwajin yana cikin jerin da ke shafinsu na intanet. Ka tsaya a gaban mai kayan, ka ciro wayarka, ka nemi sunan kamfanin da lambar samfurin. Mai gaskiya ba zai damu ba. Ko da tambarin na gaske ne, a sani cewa tattalin wuta yake aunawa, ba shi ne shaidar cewa komai na ciki nagari ne ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kariya. Fawa-fak na kirki yana da da'irorin da ke kashe shi da kansa in wuta ta wuce ƙa'ida, ko aka yi masa lodi fiye da ƙarfinsa, ko waya ta haɗu da waya, ko zafi ya yi yawa. Su ne za ka ga an rubuta OVP, OCP, OPP, SCP, OTP a kwali ko a takardar ciki. Ƙa'idar ATX ta ƙera kayan kwamfutar tebur, wadda kamfanin Intel ya fitar tun 1995 kuma ake ta sabunta ta, ta daɗe tana yarda layin 12V ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne kawai, wato tsakanin 11.4 da 12.6, kafin a ɗan sassauta iyakar ƙasan a 2022. Na jabu babu abin da zai tsayar da shi. In ya tashi mutuwa sai ya tura wutar da ta fi ƙarfin allo, ya ja ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da ma'ajiyar bayanai su tafi tare. Kafin ya mutu ma yana cin kayanka a hankali: kwamfuta ta riƙa kashe kanta in an buɗe aiki mai nauyi, ta riƙa sake tashi ba dalili, ka yi ta sauya Windows kana zargin bairos. A watan Maris da Afrilu, lokacin da shago ke zama kamar tanda kuma babu wutar kunna fanka, a nan ne irin waɗannan suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, domin ƙarfin fawa-fak yana raguwa in zafi ya ƙaru.

A da mukan ce a ɗaga a ji nauyi, mai nauyi shi ne mai kyau. Har yanzu wanda ka ji shi sakayau abin gudu ne, amma nauyi kaɗai ya daina zama hujja, don an sha samun waɗanda aka cusa wa ƙarfe ko siminti a cikin wani abu mai kama da tiransifoma.

Akwai kuma ɗan jan makunni a bayan wasu, mai 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115. In ka soka shi haka a wutarmu, nan take zai buga. Waɗanda aka rubuta wa 100-240V ba su da wannan makunnin, suna daidaita kansu, kuma sun fi jure wutar da ke yin ƙasa. Duk wanda ya nuna maka fawa-fak wai sabon yayi mai tambarin Gold, kuma ga jan makunni a bayansa, to biri ya yi kama da mutum.

Ba ina cewa kayan hannu haramun ba ne, kuma ba ina zargin 'yan kasuwarmu gaba ɗaya ba. A Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru akwai mutanen kirki da za su ce maka, "Wannan na hannu ne, an ciro shi daga kwamfutar ofis, wat 240 ne, ga kuɗinsa." Wannan ciniki ne na halal. Hasali ma fawa-fak ɗin da ke zuwa cikin kwamfutocin HP da Dell, waɗanda kamfanoni irin su Delta da Lite-On ke ƙerawa, lambarsu ƙarama ce amma gaskiya ce, kuma ya fi min na jabu mai 750W sau goma. Matsalarsu ɗaya, da yawansu bakin wayarsu na musamman ne, ba ya shiga allon da ke buƙatar mai fil 24, don haka a tafi da kwamfutar a gwada. Laifin da nake magana a kai shi ne ɓoye aibi da sauya suna. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Mu ma masu saye, son babbar lamba ne ke kai mu. Kwamfutar da aikinta buga takardu da shiga intanet, babu katin girafik, wat 300 na gaske ya ishe ta har da saura. Mai katin girafik matsakaici, 500 zuwa 650 daga sanannen kamfani irin Seasonic, Corsair, Cooler Master ko FSP. Ka duba katinka: ramin allo yana ba shi wat 75, baki mai fil 6 yana ƙara 75, mai fil 8 yana ƙara 150. In fawa-fak ya ce shi 700W ne amma ba shi da bakin katin girafik ko ɗaya, sai mai kayan ya ce zai haɗa maka da adafta, ka karɓi kuɗinka ka yi gaba.

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi kan hoto. Ka je shago mai mazauni, wanda gobe za ka same shi a inda ka bar shi, in da hali ka tafi da mai gyaran da ka yarda da shi. A ɗora fawa-fak ɗin a kan kwamfuta, a kunna aiki mai nauyi, a sa mita a kan ruwan ɗorawar waya da baƙa a ga ko 12V ya tsaya cikin ƙa'ida. Ka duba ko lambar da ke kwali ta yi daidai da ta jikin akwatin, ko sitikar da ke rufe noti tana nan ba a yaga ba, ko akwai wata tsohuwar sitika a ƙarƙashin sabuwar. A rubuta maka rasit mai sunan kayan da lambarsa da tsawon garanti. Manyan kamfanoni suna ba da garantin shekaru, wasu biyar, wasu har goma. Ko da ba za ka iya bin wannan daga nan ba, wanda ya ce kayansa sabo ne amma garantinsa ya ƙare da zarar ka fita ƙofa, ya riga ya gaya maka abin da ya sani game da kayan.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada ya jefar da akwatin. Ya ajiye shi da kwalinsa da shaidar tura kuɗi da hirarsu ta waya. Ya fara kai magana wurin shugabannin kasuwar ko ƙungiyar masu sana'ar, domin sau da yawa a nan ake karɓo wa mutum haƙƙinsa ba tare da an je nesa ba. In abin ya faskara, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Wanda kuma yake zargin irin wannan ne a cikin kwamfutarsa yanzu, ya kwashe muhimman bayanansa zuwa wani wuri yau, ya kashe ta, ya kai a duba masa kafin ya sake kunnawa.