Littafi da biro ko waya: wanne ya fi wa mai farawa?

'Yar'uwa, kin ce kina son fara rubuta abin da ya same ki da abin da ke ranki a kowace rana, amma kin rasa ko littafi za ki saya ko a waya za ki riƙa yi. Na yi amfani da duka biyun, bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Kafin komai, wa zai iya karantawa? A wurina wannan ce tambayar da ta fi nauyi. Idan kina tsoron wani zai gani, hannunki zai riƙa tauye magana tun kafin ta sauka, ki rubuta "yau lafiya lau" alhali kin kwana da kuka. Littafi ba shi da makulli. A gidan da kike ɗaki ɗaya da ƙanne, ko yara ke shiga suna fita, ƙarƙashin katifa ne wurin farko da mai bincike zai ɗaga. Nawa a ƙasan akwatin zannuwa yake, akwatin kuma da kwaɗo.

Waya tana da lambar sirri, amma kin san wayarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. "Anti, ara min in yi kira." Yaro ya karɓa ya yi gem, maigida ya san lambar. Saboda haka ki duba ko manhajar da za ki yi rubutun a cikinta tana da makullin kanta. Samsung Notes tana bari ki kulle rubutu ɗaya-ɗaya. Day One, wadda ta fito tun 2011, ana sa mata lamba. Journal da Apple ya saka a iPhone a Disambar 2023 ana kulle ta da fuska. Google Keep kuwa ba ta da makulli, duk wanda ya buɗe wayar ya buɗe ta. Kuma don Allah kada ki mayar da WhatsApp littafin sirrinki ta hanyar tura wa kanki saƙo. Kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya kai maganar zauren dangi.

Wajen ɓata, kowanne da irin nasa. Littafi yana tsoron gara da yoyon rufi a damina. Waya tana tsoron masu ƙwace da bokitin wanki. Bambancin shi ne, in kin haɗa manhajar da imel ɗinki tana ajiye kwafi a intanet, rubutunki zai dawo a sabuwar waya. In ba ki haɗa ba, ya tafi ke nan.

Sai rubutun kansa, kuma a nan littafi ya yi wa waya nisa. Hannu ba ya sauri, wannan jinkirin shi ke ba zuciya damar tace abin da take son faɗi. Ba saƙon da zai faɗo a tsakiyar jimla ya ɗauke miki hankali. Sau da yawa na buɗe waya da niyyar rubutu, sai in tsinci kaina cikin amsa saƙonni, abin da ke raina ya huce ban rubuta ba. Ga kuma matsalar Hausa: wayar da aka saita da Turanci takan canza miki kalmomi da sunan gyara. Maganinta ki ƙara Hausa a Gboard, wato allon rubutu na Google a waya, akwai ƙ da ɗ da ɓ. A takarda babu wannan wahalar, ki cakuɗa Hausa da Turanci, ki ja layi ki soke, in kin iya ajami ki yi da shi. Watarana in kin dawo kina karantawa, ko yanayin rubutun zai nuna miki ranar da kike cikin fushi, inda biro ya kusa huda takarda.

Amma waya tana da abin da littafi ba zai ba ki ba. Kina iya rubutu cikin duhu an ɗauke wuta, ba ki tashi kowa ba. Kina layin asibiti ko cikin adaidaita, tana hannunki. Za ki sa hoto, ki naɗi murya ranar da gajiya ta hana ki rubutu, ki nemo kalma ɗaya cikin rubutun shekara guda nan take.

Kada yawan rubutu ya tsorata ki. A binciken da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya wallafa a Amurka a 1986, minti 15 kawai ɗalibai suka riƙa rubutu, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin baƙin cikin da ya same su tare da yadda suka ji a ransu, sun fi sauran ɗaliban ƙarancin zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Ki lura, abu biyu suka haɗa: abin da ya faru, da yadda suka ji.

In kina da wurin ɓoyo da kika amince da shi, ki fara da littafi, irin na 'yan makaranta mai falle 40. Kada ki sayi mai tsada mai bangon fata, kyansa zai sa ki ji tsoron ɓata shafin farko. In kuwa gidan babu sirri, ki ɗauki waya da manhaja mai makulli, ki kashe data kafin ki fara. Ko wanne kika ɗauka, ki ɗaure shi da wani abu da kike yi kullum, kamar bayan sallar isha'i. Ki sa kwanan wata a sama, layi uku sun isa daren farko. Ranar da kika tsallake, washegari ki sa sabon kwanan wata ki ci gaba.