Baƙin akwati biyu ne: na murya ko na bayanai, wanne zai riƙe labarin?

Malama daga Mabera ta ce tana rubuta littafin ƙagaggen labari kan binciken faɗuwar jirgin sama, tana son sanin wanne ya fi tona asiri tsakanin akwatunan biyu, wato na'urorin da ke naɗar abin da ke faruwa a jirgi. Da farko, ba baƙaƙe ba ne, ruwan goro ne, kuma ana girka su wajen wutsiyar jirgi. An ƙera su su jure wuta mai zafin digiri 1,100 na awa guda.

Na murya yana ɗaukar maganar matuƙa ta makirufonsu, akwai kuma wani makirufo a rufin ɗakin tuƙi mai kama komai: ƙarar gargaɗi, ƙas-ƙas ɗin maɓalli, rurin inji. Daga rurin nan ƙwararru kan lissafo saurin juyawar injin. Matsalarsa gajeren zango. Tsofaffi minti 30 suke riƙewa, na bayansu awa 2, sai sababbi awa 25, kuma sabon sauti yana shafe tsoho. In jirgi ya sauka lafiya bayan tangarɗa aka bar wuta a kunne, shaidar ta tafi ke nan. Malama, ga inda mugun da ke cikin labarinki zai ci kasuwa.

Na bayanai ba ya jin kowa. Lambobi yake tarawa na awa 25: nisa daga ƙasa, gudu, inda aka dosa, ƙarfin kowane inji. Na zamani na tara ɗaruruwan ma'aunai, na tsohon jirgi 'yan ƙalilan.

To ya ake haɗa su? Duk sanda matuƙi ya danna maɓallin rediyo, na bayanai yana rubuta lokacin. Da wannan ake jera muryar da lambobin daƙiƙa bayan daƙiƙa, a gwada da abin da hasumiyar filin jirgi ta naɗa.

Mu nan Sakkwato ba mu manta 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin kamfanin ADC mai zuwa nan ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah Ya jiƙan su. Rahoton bincike ya ɗora abin kan tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin ƙa'idar kuɓuta daga iska mai juyawa farat ɗaya. A irin wannan hatsari, lambobi ke nuna sa'ar da gudu ya faɗi, murya kuma ta nuna abin da aka ce kafin a tashi.

A ganinmu ki bari a fara samun na bayanai, ya jefa zargi kan matuƙi, na murya ya zo daga baya ya juya zancen. Amma kada jaruminki ya kunna sautin gaban 'yan jarida, hukumar bincike ba ta sakinsa, sai rubutaccen abin da ya shafi hatsarin. Rahoton farko kuma kwana 30 ake ba shi, na ƙarshe kan kai shekara ko fiye.