Ku yi hattara da mai sayar da akwatin narkar da dutsen hita

Sefa dubu 120. Na rubuta ne don in gani da idona. Dubu 120, ni da hannuna na ba shi, ba wuƙa ya ɗora mini a wuya ba. Kwana biyar ke nan ina kwana ina tashi da abin, kuma wallahi ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Shekara ashirin ina kasuwanci a Garwa ta Kamaru, na sayi kaya a Duwala, na sayi kaya a Kano, ko ɗan dako bai taɓa wucewa da ƙulli ɗaya nawa ba. Sai ga wani yaro da jakar kayan aiki ya shigo har tsakar gidana ya yi mini wankin babban bargo.

Hitar dumama ruwa ce da mu ta lita 80, tun 2019 na sa ta saboda Hajiya mahaifiyata, ba ta iya alwalar asuba da ruwan sanyi in hunturu ya shigo. Ruwanmu na burtsatse ne. A bara ta fara wata ƙara kamar ana suyar gyaɗa a cikinta, ruwan ya daina zafi sosai, takardar wuta kuma tana hawa. Sai wannan mutumin ya zo. A'a, kafin nan ma na fara ganin tallarsa a WhatsApp, wani ya turo bidiyo, ni na kira shi. Gara in faɗi gaskiya, ni na kira shi.

Kuma kada wani ya ce mini na yi sakaci, domin abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, wannan shi ke ƙona ni. Ya ƙwanƙwasa jikin tankin ya ce, “Alhaji, dutse ne ya taru a ciki.” Ya ce ruwan ƙasa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da magneziyam, in aka dafa shi sai su rabu da ruwan su zama farin abu kamar alli, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Wani ya kwanta a ƙasan tanki, wani ya lulluɓe ƙarfen da ke dumama ruwan, rezistans ɗin nan, sai ƙarfen ya dinga cin wuta yana dumama dutse. Ya ce in zafi ya haura digiri 60 abin ya fi saurin taruwa. Duk na bincika daga baya, haka yake. To wa zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne?

Aka kira la'asar muka tafi masallaci tare, sahu ɗaya. Da muka dawo ya ce in ba shi wuri ya buɗe tankin. Na shiga ɗaki minti goma ko sha biyar, waya nake amsawa. Na fito ya miƙo mini tafin hannunsa cike da farar tsakuwa. Ya ce a kawo lemun tsami, ya matsa a kai, abin ya kama kumfa yana tsuwa. Wannan kumfar, ita nake ta gani in na rufe ido. A nan na sallama. Har na kira maiɗakina na ce zo ki ga abin da muke wanka da shi.

Sai ya fito da akwatin. Ɗan ƙarami, fari, da waya biyu da ake naɗawa a jikin bututu. Wai daga Jamus, wai yana aika maganaɗisu cikin ruwa ya narkar da dutsen da ya taru cikin wata ɗaya, ba sai an sake buɗe tanki ba har abada. Dubu 85. Na taya dubu 70, ya maida shi jaka ya zuge. Ni ɗan kasuwa, na san wannan salon, ni ma ina yi wa masu saye, amma na ce dawo. Dubu 85 na akwati, dubu 15 na aiki. Dubu 20 ɗin kuma daga baya ne, bayan sati biyu, ko kwana goma, da na kira na ce ƙarar ba ta daina ba, ya ce ai dutsen ne ke fashewa, alama ce mai kyau, in turo na wani ruwan magani da zai hanzarta aikin. Na tura ta waya. Magani bai zo ba. Dubu 120 ke nan.

Akwai ’yar koriyar fitila a jikin akwatin. Baƙi biyu na kai har bayi na nuna musu ita ina yabo. Ɗayansu ma ya karɓi lambar wayar mutumin.

Ranar Talata hita ta mutu ɗungurungum. Lambarsa a kashe. Shagon da ya kwatanta mini a babbar kasuwa na je, tela ne a ciki, bai taɓa jin labarinsa ba. Na ɗauko wani dattijo mai gyaran famfo da ya kamata in nema tun farko. Ya kashe wuta, ya rufe ruwa, ya zuƙe tankin, ya duba ƙusoshin murfin ƙasa ya ce, “Alhaji, wa ya ce maka an buɗe nan? Tsatsar shekaru ce a kai, sifana ba ta taɓa su ba.” Ashe tsakuwar da aka matsa wa lemun tsami daga jakarsa ta fito. Ni kuwa ina ɗaki ina amsa waya.

Dattijon ya kwashe kusan rabin bokiti na dutsen gaske da hannunsa. Rezistans ya ƙone a cikin ɓawon dutse, sandar magneziyam ɗin da ke kare tanki daga tsatsa ta cinye saura ɗan siririn ƙarfe. Sai ya sa sukudireba ya ɓalle akwatin Jamus. Fitila, ɗan guntun waya, da ɓallin tayil da aka manna da gam don ya yi nauyi. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Hajiya ce kawai ta ce, “Allah ya mayar da alheri,” ta ce a ɗora mata ruwa a murhu.

Ina da hoton hirarmu, da shaidar dubu 20 da na tura, da hoton cikin akwatin, yau da dare zan sa su in na rufe lambobin mutane. Mai akwatin dogo ne, siriri, yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, yana yawo a kan babur. Na ji ana cewa ya fara zuwa Marwa.

In hitarku na ƙara, a zuƙe ta a buɗe a kwashe dutsen kuna tsaye a wurin, kuma kada a kunna wuta sai ta cika da ruwa. Kada ku sayi akwatin kowa. Wanda ya karɓi lamba a gidana kuma, na kira ka sau uku ba ka ɗaga ba, don Allah in ba ka biya ba tukuna ka tsaya.