Gargaɗi: an sayar mini da mota mai ɗauke da lambar wata motar

Jama'a, assalamu alaikum. Kunya ce ta hana ni rubuta wannan tun makonni uku da suka wuce, amma tunda har yau mutumin da ya sayar mini da motar yana tallata motoci a Facebook, shiru ba zai yiwu ba. Naira miliyan 9 da dubu 500 na ba shi, kuɗin filin da na sayar haɗe da abin da na tara a shekara huɗu, kuma a yau motar tana tsare a hannun hukuma.

Toyota Corolla ce ƙirar 2015, ruwan toka, wadda ya ce wata hajiya ce ta hau ta wata bakwai kacal bayan an yi mata fito. Ba da ka na saya ba, kuma ina son masu cewa na yi sakaci su ji wannan. Na je da bakanikena ya buɗe inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ba ta taɓa haɗari ba. Na sa lambar rajistar motar a shafin intanet na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya nuna cewa lambar sahihiya ce kuma Corolla aka yi wa rajista da ita. Wane mai saye ne ba zai natsu da wannan ba?

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da ya miƙo mini makulli. Mun fito daga sallar la'asar, sahu ɗaya muka yi, sai ya damƙa mini shi a tafin hannu ya ce, "Malam, tafi da ita ta kwana a gidanka, in ba ta kwanta maka ba ka dawo da ita." Ko sisi bai karɓa ba a lokacin. A'a, na manta, na riga na tura masa dubu 500 kafin alƙalami tun ranar Talata, sauran miliyan 9 ne na tura washegari. Kullum sai na sake ganin hannun nan da makullin nan.

A hanyar Kano zuwa Zariya jami'an kwastam suka tsayar da ni, iyalina suna ciki. Jami'in ya goge ƙurar gilashin gaba da yatsa, ya karanta lambar shasi, wato lambar da kamfanin ƙera motar ya sa mata, mai harufa da alƙaluma 17, ya gwada da takardar da na miƙa, sai ga alƙaluma huɗu na ƙarshe sun sha bamban. Lambar rajistar da ke jikin motar ta wata Corolla ce daban, an buga kwafinta an manna, takardar kwastam ɗin kuma ta bogi ce. Ta kan iyakar ƙasa ta tudu aka shigo da ita, alhali tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta nan. Dama a ranar ciniki na nemi ganin hajiyar domin mu sa hannu a takardar canjin mallaka, ya ce ta tafi Umara. Shi dillalin da ya haɗa mu, wanda ya karɓi la'ada, yanzu cewa yake a Facebook kawai ya san shi.

Ku gwada lambar shasi da kowace takarda, ku tantance takardar fito a ofishin kwastam kafin ku biya, kada lambar mota ta ruɗe ku.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Ina da shaidar tura kuɗin duka biyu, da saƙonninsa na murya, da hotunan takardun, kuma zan wallafa su da zarar lauyana ya ba ni izini. Miliyan 9 da dubu 500, kuma har yau wayar mutumin a kashe take.